Akori-kura da Jif: Tambayoyinku Kan Mai, Lodi da Gyara

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan motocin aiki suke, wato akori-kura da jif masu jan ƙafa huɗu. Mun haɗe masu kama da juna, mun taƙaita dogaye, sannan makanikai da injiniyoyin da ke riƙe da wannan fili suka amsa. Da yawa cikin masu rubutowa an riga an lissafa musu kayan da za su sayo alhali ba a auna komai a jikin motar ba, shi ya sa za ku ga muna ta maimaita cewa a auna tukuna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Akori-kurata mai ƙofa huɗu ce, dizal take sha. Tayoyinta na asali 265/65R17 ne, na cire na sa 285/70R17 masu manyan haƙora. Tun daga nan take shan mai kamar tanki ya huje. Makanike ya ce nozul ne, wato masu fesa dizal cikin injin, a sayo huɗu. In saya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Nozul huɗu ba sa mutuwa rana ɗaya don an sauya taya.

Fara da sanin ainihin abin da take sha, domin allurar tanki ba ma'auni ba ce. Cika tanki har famfon gidan mai ya katse da kansa, ka mai da ƙaramin maleji sifili, ka yi zirga-zirgarka yadda ka saba. Ran da za ka sake sha, cika haka nan, ka tsaya a katsewar farko. Raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Lita 60 a kilomita 500 ta ba ka lita 12 a kowace kilomita 100. Yi haka sau uku, don cikawa ɗaya tana iya yaudara.

To ga inda tayar ta shigo. Tsayin tsohuwar daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 776 ne, sabuwar kuwa 831, bambancin kashi 7 cikin 100 ke nan. Shi maleji juyin taya yake ƙirgawa, bai san ka sauya ba. In ya nuna 500, ainihin tafiyarka 535 ce, lita 12 ɗin nan kuma ta koma 11.2. Ka ga wani ɓangare na ƙarin a takarda kawai yake. Allurar gudu ma ƙarya take maka: in ta ce 100, kana kan 107.

Sauran ƙarin kuwa na gaske ne, kuma kai ka saye shi. Babbar taya ta fi nauyi da faɗi, haƙoranta na cin ƙarfi a kan kwalta, sannan ta sa giya ta yi wa injin tsayi, sai ka ƙara taka totur wajen tashi da hawan tudu. Babu nozul ɗin da zai gyara wannan.

Kafin a taɓa injin, bi abubuwan da ba sa cin kuɗi. Auna iskar taya da safe kafin motar ta motsa. Lambar da za ka bi tana liƙe a ginshiƙin ƙofar direba, wadda ke jikin taya kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Ciro filtar iska ka haska ta da tocila daga baya, in haske bai ratsa ba ta gama aiki. Kada a buga ta da ƙasa ko a hura ta da iska mai ƙarfi, takardar na tsagewa ta inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce ta cinye ringi. Bayan tafiyar kilomita 10 da ba ka yawan taka birki ba, kusantar da bayan hannunka ga kowane wili. In ɗaya ya fi sauran zafi sosai, birkinsa na kamawa, kana jan mota da birki ke nan. Sai gudu: turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, daga 100 zuwa 120 tana ƙaruwa da kashi 44 cikin 100, ga kuma motar da gabanta kamar bango yake. Keken kaya da ke kan rufi, ko fanko ne, yana ƙara nasa.

In duk wannan lafiya, sai a zo kan nozul, amma da awo. Na'urar bincike tana nuna yawan gyaran da kwamfutar mota ke yi wa kowane nozul. Akwai kuma gwajin man da ke komawa tanki: a jona wa kowane nozul 'yar kwalba a tiyonsa na komawa, a tayar da injin, a ga wadda ta riga sauran cika. Nozul mai ciwo yakan zo da wahalar tashi, ƙarar ƙwanƙwasa da sanyin safiya, hayaƙi, da rawar injin a tsaye. Wasiƙarka ba ta ambaci ko ɗaya ba.

Tambaya: Jif ɗina na da 2H, 4H da 4L. Na bar ta a 4H kullum don an ce ta fi kama titi. Yanzu in zan yi kwana a wurin ajiye mota sai ta riƙa tirjiya, tayoyi na kuka, kuma ta ƙi komawa 2H. Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, motarki ba ta lalace ba tukuna, amma a hanyar take. A 2H ƙafafun baya biyu kaɗai ke jan motar, a 4H da 4L kuwa duka huɗun ne. In mota na kwana, ƙafafun gaba sun fi na baya zagaye mai faɗi, dole su fi su juyi. A irin motarki, da kin sa 4H an ɗaure farfelar gaba da ta baya wuri guda, juyi ɗaya suke yi, babu abin da ke raba musu a tsakiya. A rairayi ko taɓo, taya na ɗan zamewa, bambancin ya fita ta nan. A busasshiyar kwalta babu zamewa, sai ƙarafan su yi ta murɗewa kamar igiyar da ake tufkawa. Wannan murɗewar ce ta danne giyar ta hana ta fita. In aka ci gaba, sarƙa ko haƙoran ƙaramin giyabos ɗin da direbobi ke kira okzileri ne ke biya, tare da gaɓoɓin farfela da tayoyi.

Ki sauka kan turɓaya, ki miƙe sitiyari, ki zaɓi 2H, ki ɗaga ƙafa daga totur. In fitilar ƙafa huɗu da ke dashbod ba ta mutu ba, ki yi baya a miƙe 'yan mitoci, murɗewar za ta warware ta saki.

Daga nan 2H ce ta kwalta. 4H ta ƙasa mai santsi ce, laka, tsakuwa, rairayi. 4L sai an tsaya cak an sa giya a firi kafin a shiga, tana rage gudu ta ninka ƙarfi kusan sau biyu da rabi a yawancin motoci, aikinta hawan dutse, gangara mai tsanani da fita daga cikin taɓo. Ba kowace jif ce haka ba: Land Cruiser Prado, alal misali, kullum a ƙafa huɗu take, domin tana da haƙoran da ke raba juyi a tsakiya. A irinta, maɓallin kulle tsakiyar ne ba a dannawa a kan kwalta.

Shi kuma wanda ya ce ta fi kama titi, rabin zance ya faɗa. Ƙafa huɗu na taimakawa wajen tashi, ba ta rage tazarar tsayawa in kin taka birki. Kada kuma ki yi watsi da ita gaba ɗaya. Littattafan wasu motocin Toyota sun ce a yi kamar kilomita 16 a ƙafa huɗu kowane wata, don mai ya zaga cikin aksul ɗin gaba, ɗan motar lantarkin da ke shigar da giyar kuma kada ya daskare. A yi wannan a hanyar ƙasa.

Tambaya: Wata fitila mai hoton filta da ɗigon ruwa ta kunnu a dashbod, wani lokaci da ƙara. Motar na tafiya lafiya. Zan iya bari sai ranar sabis? Daga wani direba.

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Wannan fitila ta yau ce, kuma aikin bai kai minti goma ba.

Ruwa ya fi dizal nauyi. Litar ruwa kilo ɗaya ce, ta dizal kuwa wajen gram 830 zuwa 850, don haka ruwan da ya shigo tare da mai yakan kwanta a gindin filta. Akwai wani ɗan ƙwallo a ciki da ke nitsewa a dizal amma yana iyo a ruwa. Da ruwan ya taru ya ɗaga shi, fitila ta kunnu. Ma'ana wurin ya kusa cika, abin da ya ƙaru kuma famfo zai wuce.

Kashe injin. Sa kwalba mai haske a ƙarƙashin filta. Kwance ɗan murfin roba da ke gindinta kamar juyi biyu, kada ka cire shi gaba ɗaya. Danna famfon hannu da ke saman filta, za ka ga ruwa ko wani abu mai kama da tsinkakkiyar madara yana fita. Ci gaba har dizal tsantsa ya biyo. Ɗaure murfin da hannu kawai, sifana na fasa shi. Sake danna famfon har ya yi tauri, alamar iska ta fita, sannan ka tayar ka duba ko akwai yoyo. Ajiye kwalbar ta kwanta, za ka ga layin da ya raba ruwa da mai, ka san yawan abin da ka fitar.

Dalilin gaggawar shi ne injinan dizal na zamani. Famfonsu na matsa mai har bar 1,600 zuwa 2,000 (bar ma'aunin matsi ne), wasu ma fiye, alhali iskar tayarka ba ta kai bar 3 ba. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikin famfo da nozul ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, kuma dizal ɗin kansa ne ke shafe su. Ruwa ba ya shafe ƙarfe, tsatsa yake kawowa. Da famfo ya fara cin kansa, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga nozul duka, ya koma tanki. A nan gyara ya zama sauya famfo, nozul, bututai da wanke tanki. Tsofaffin injina masu famfon gargajiya sun fi haƙuri da gurɓataccen mai, kuma sunan da suka bari na cewa motar ba ta mutuwa shi ke sa masu sababbi sakaci.

In fitilar ta dawo cikin 'yan kwanaki, ruwan a tanki yake, sai an sauke shi an wanke. In ka ga baƙin yauƙi a tsohuwar filta, ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a mahaɗar ruwa da dizal, su ma wanke tanki ne maganinsu. Ruwan kan shigo ta man duro ko jarka da ya daɗe, ta murfin tanki da robarsa ta mutu, ko ta raɓar da ke taruwa a tankin da ke kwana rabi fanko. Kada ka sha mai a lokacin da tankar dakon mai ke juyewa a gidan man, dattin gindin rijiyar ajiyar man a tashe yake.

Wani kuskure da ake yi wajen sa sabuwar filta: cika ta da dizal daga kwano don motar ta yi saurin tashi. Wannan man bai bi ta takardar tacewa ba, kai tsaye zai wuce famfo. A ɗaura ta a bushe, a cika ta da famfon hannu.

Tambaya: An yi kuskure an zuba mini fetur kamar lita 15 a motar dizal. Wasu sun ce in cika sauran da dizal ya narke. Daga wani mai karatu.

Amsa: Kada ka ko murɗa makulli, domin a wasu motocin wannan kaɗai na kunna famfon cikin tanki. A tura ta gefe, a zuƙe tankin kaf, a sauya filta, a zuba dizal. Fetur wanke maiƙo yake, famfon da dizal ke shafewa sai ya koma gugar ƙarfe da ƙarfe. Dabarar cikawa ta zamanin tsofaffin injina ce. In har an riga an yi tafiya da ita, a buɗe filta a duba ko akwai ƙyallin garin ƙarfe kafin a sake tayarwa.

Tambaya: An ce mini tan ɗaya take ɗauka. Na ɗora buhun siminti 20, ga ni ga ma'aikata huɗu. Gindinta ya zauna, sitiyari ya yi sako-sako a hannu. In na ƙara ganyen sifirin ya wadatar? Daga wani ɗan kwangila.

Amsa: Alhaji, mu yi lissafin tare. Buhu 20 sau kilo 50, tan ɗayan ya cika tun kafin kowa ya buɗe ƙofa. Mutum biyar, a ce kilo 75 kowanne, 375 ke nan. Ƙara ƙarfen kariya na gaba, akwatin kayan aiki, jarkar mai, wata 100 ta tafi. Ka ɗora kusan kilo 1,475, ka zarce da kusan rabi.

Tan ɗaya da kamfani ke faɗa ya haɗa da direba, fasinja da duk wani ƙarfe da aka ƙara wa motar bayan ta fito. Akwai farantin ƙarfe ko takarda a ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet da ke nuna iyakar nauyin motar da kayanta gaba ɗaya, da kuma iyakar kowane aksul. Cire nauyin motar fanko daga lambar farko, abin da ya rage shi ne naka. In ta ce kilo 3,100 motar kuma 2,100 ce, 1,000 gare ka, har da kai kanka.

Sako-sakon sitiyari ya fi zaman gindin ban tsoro. A mota mai ƙofa huɗu, bodin kaya a kan aksul ɗin baya yake, wani ɓangarensa ma ya wuce shi. Duk kilon da ke bayan aksul ɗaga gaban motar yake, kamar ma'aunin sikeli, alhali ƙafafun gaba ne ke juya mota kuma su ke yin yawancin birki. Kaya mai nauyi a manne shi da bayan kan mota, a shimfiɗe ƙasa-ƙasa, a ɗaure. Lodin da aka tara a wutsiya, in aka faɗa rami da gudu, shi ne ke lanƙwasa shasi a daidai tsakanin kai da bodi.

Ƙarin ganye zai ɗaga gindin ta daina kama da mai lodi, iyakarsa ke nan. Boris ɗin aksul, birki, shasi da taya duk suna nan yadda suke. Duba jikin tayarka, bayan girmanta akwai lamba kamar 112S. 112 na nufin kilo 1,120 ga kowace taya, kuma sai da cikakkiyar iska. Tayar da lodi ya danne ba ta da iska tana lanƙwasuwa a kowane juyi, ta yi zafi, ta fashe a kan gudu. Takardar ginshiƙin ƙofa na da lambar iska ta biyu ta lokacin lodi, a bi ta.

Masu dakon ruwa su lura, tankin lita 1,000 tan ɗaya ne cif, wanda ke rabi kuma ya fi cikakke hatsari, don ruwan na kaɗawa ya tura motar a kwana. Masu jan tirela kuma, nauyin da ke danne ƙugiya, wajen kashi 10 cikin 100 na tirelar, cikin lodin motar ake ƙirga shi. A doguwar gangara da kaya a sa ƙaramar giya injin ya riƙe. Man birki na tsotsar laima daga iska, in ya tsufa yakan tafasa da zafi, feda ta tafi ƙasa ba komai. Shekara biyu-biyu ake sauya shi. Amsar tambayarka dai: sawu biyu.

Tambaya: Allurar zafi na hawa in ina hawan tudu da kaya. Makanike ya ce a cire tamastat a jefar, wai na ƙasashen sanyi ne. Daga wani mai karatu.

Amsa: Wannan shawara ta daɗe tana yawo, kuma ba mu tare da ita. Tamastat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa kada ya shiga lagireto sai injin ya ɗumama, na buɗewa wajen digiri 82 zuwa 88 a yawancin waɗannan injina. Da zafi ya kai nan a buɗe yake, bai tare komai ba. In an cire shi, injin ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, dizal da bai ƙone ba ya gangara ya tsinka baƙin mai. A injina da dama kuma gindin tamastat ne ke toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma injin ba tare da ya shiga lagireto ba. Cire shi ya bar hanyar a buɗe, sai zafin ya ƙaru. In ana zarginsa, a jefa shi a ruwan zafi da ma'auni a ga ko yana buɗewa. In ya maƙale, a sa sabo.

Zafin da ke zuwa sai da lodi na nufin sanyayar ta rage ƙarfi. A motar da ke shiga daji, abin zargi na farko shi ne laka da ciyawa da ke cushe tsakanin lagireto da ragar AC da ke gabansa, wurin da ba a gani sai an leƙa da tocila. A wanke daga ɓangaren injin zuwa waje, da ruwa marar ƙarfi don kada fikafikan su kwanta. Na biyu kan fanka, wato kulocin da ke tsakiyarta: in injin ya yi zafi aka kashe, fankar ta kamata ta yi ɗan tauri a hannu. In tana juyawa sakayau, man cikinta ya tsiyaye. Na uku murfin lagireto, wanda ke riƙe matsin wajen bar ɗaya don ɗaga ma'aunin tafasar ruwa. In robarsa ta mutu, ruwa ya tafasa da wuri. Ruwan rijiya ko na famfo zalla kuma na barin gishiri da tsatsa su toshe bututai. A haɗa maganin lagireto da tataccen ruwa rabi da rabi, kada a cakuɗa iri biyu.

In ruwa na raguwa babu yoyo, ko kumfa na tasowa a robar ajiyar ruwa, a gwada tof gasket. Kada a buɗe murfi injin na da zafi.

Tambaya: Na ratsa rafi da ruwa ya kai rabin ƙofa, na fita lafiya. Bayan sati biyu aksul ɗin baya ya fara kuka. Akwai alaƙa? Daga wani direba.

Amsa: Akwai. Aksul na da ɗan hancin numfashi a samansa. Ka shiga ruwan sanyi da aksul mai zafi, iskar ciki ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta hancin ko ta sil. Buɗe notin cikawa ka sa yatsa. In man ya koma fari-fari kamar an dama shi, ruwa ne. A juye, a sa sabon man giya mai alamar GL-5, 80W-90 ko 75W-90 gwargwadon littafin motar, har ya fara zubowa ta bakin ramin cikawa motar na tsaye a daidai. Kullum a fara kwance notin cikawa kafin na juyewa. Wanda ya juye mai sannan ya tarar na saman ya ƙi kwantuwa ya tsayar da motarsa. A duba aksul ɗin gaba, okzileri da giyabos haka nan, a bi gaɓoɓin farfela da giris har sabo ya turo tsohon waje. Tunda kuka ya riga ya fara, mai yiwuwa boris ya ci tsatsa, sabon mai ba zai mai da shi ba. In ƙarar ba ta ragu ba sai an buɗe.

Nan gaba, bari motar ta huce kafin ka shiga, ka san zurfin da littafinta ya yarda, ka shiga da 4L a hankali ba tare da sauya giya a tsakiyar ruwa ba. In ta mutu a ciki, kada ka sake tayarwa. Ruwa ba ya matsuwa, in ya shiga silinda fistin ya tunkare shi, konrod, ƙarfen da ke riƙe fistin, ne ke lanƙwashewa. A ja ta waje, a duba filtar iska. In ta jiƙe, sai an cire hita (fulogin ɗumama silinda) ko nozul an fitar da ruwan. Masu yawan ratsa ruwa su ja hancin aksul da tiyo zuwa sama cikin bonet.

Tambaya: Littafi ya ce juyen baƙin mai a kilomita 10,000, makanike ya ce 5,000. Wa zan bi? Kuma mai kauri bai fi ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, buɗe shafi na gaba a littafin, akwai jadawali na biyu na aiki mai tsanani: ƙura, lodi, jan tirela, gajerun tafiye-tafiye, daɗewa a tsaye injin na aiki. Yawanci rabin na farko ne, kuma a nan mafi yawan motocin aiki suke. Makanikenki ya yi daidai a wannan. A sauya filtar mai a kowane juye.

Batun kauri kuwa, injin da aka ƙera don mai marar kauri irin 5W-30 hanyoyin mansa ƙanana ne, mai kauri na jinkirin kaiwa sama da safe, lokacin da ƙarfe ya fi cin juna. 15W-40 na tsofaffin injinan dizal ne da littafinsu ya ambace shi. In motarki na da matatar toka a salansa, wadda ake kira DPF, sai mai marar yawan toka, irin mai alamar ACEA C2 ko C3. Matatar na ƙone tokarta a zafin wajen digiri 600, abin da ba ya samuwa a gajeriyar tafiya, don haka in fitilarta ta kunnu a hau babbar hanya kamar minti 20 zuwa 30. In gejin mai na nuna ƙari maimakon raguwa, dizal ne ke gangarawa ciki, a juye da wuri. Bayan doguwar tafiya da kaya, a bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin a kashe, don turbo ya huce mai na zagawa.

Tambaya: Zan sayi Hilux ta hannu mai dizal. Bel ɗin taimin, mai daidaita motsin bawul da fistin, take da shi ko sarƙa? Me zan fi dubawa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Duba lambar injin. 2KD mai girman lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0 bel suke amfani da shi, ana sauyawa a kilomita 150,000. 2GD mai 2.4 da 1GD mai 2.8, waɗanda suka fito a 2015, sarƙa ce. In mai bel ce kuma babu takardar shaidar an sauya, ka sauya ranar da ka saya, tare da abin ɗame shi. Ana iya kashe fitilar gargaɗinsa ba tare da an taɓa bel ɗin ba, in kuwa ya tsinke fistin na haɗuwa da bawul.

A 1KD ka tambayi wosha ɗin da nozul ke zama a kai. In suna yoyo, hayaƙi na shiga baƙin mai, gawayi ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki, injin ya buga. Ana iya leƙa rariyar ta ramin juyen mai da 'yar kyamara. Je ka ga motar da sassafe kafin a ɗumama ta, ka tsaya a baya lokacin tayarwa: shuɗin hayaƙi baƙin mai ne, farin da bai ɗauke ba bayan ɗumi ruwa ne ko nozul. Kwanta ƙarƙashi da tocila ka bi shasi, musamman tsakanin kai da bodi, ko akwai walda ko sabon fenti. Gwada 4H da 4L a turɓaya. Karanta lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a jikin kowace taya har da safaya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin sati na 23 na shekarar 2021.